Katin bashi na banki: wa ya dace ya karɓa, wa ya kamata ya haƙura?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Bankin da albashina ke shiga ya turo mini saƙo cewa na cancanci katin bashi na naira 300,000. Me ya bambanta shi da katin ATM ɗina, kuma in karɓa?

Amsa: 'Yar'uwa, da katin ATM kuɗinki kike kashewa, da wannan kuwa kuɗin banki. Duk abin da kika saya ana rubuta miki shi bashi, a ƙarshen wata su turo miki lissafi da ranar biya. In kin biya duka kafin ranar, yawanci ba a ɗora kuɗin ruwa a kan sayayya. In kika bar ko kaɗan, ruwa ya fara hawa.

A cikin lissafin za ki ga wani ɗan adadi da suke kira mafi ƙarancin biya, kuma nan mutane ke faɗawa. Mu ɗauki misali: kin kashe naira 300,000 ɗin gaba ɗaya, ruwan kuma kashi 3 cikin ɗari ne a wata. Naira 9,000 ke nan. In kin biya 15,000, dubu shida kacal ta ragu daga uwar kuɗin, sauran ta tafi ga banki. Kashi 3 a wata ba ya tsorata kunne, amma a shekara ya kai 36, kafin a lissafa ruwan da ke hawa kan ruwa. Don haka kafin ki sa hannu, ki nemi a rubuta miki kuɗin ruwa na shekara, kuɗin riƙe katin, tarar jinkiri, da abin da suke caja in an ciri tsabar kuɗi. Ciro kuɗi a ATM ko wurin mai POS da irin wannan kati ya fi komai tsada, domin galibi tun ranar ruwa ke fara lissafi.

Ki kuma sani cewa tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashinsa daga duk asusun da ke ɗauke da BVN ɗinki a wani banki, in kin kasa biya. A cikin takardun neman bashi ake sa hannu a kansa, mutane da yawa ba sa ma karantawa.

Sai batun riba, wanda ba zan tsallake ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa katin da ke da sharaɗin ruwa bai halatta ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Ta halatta wanda babu wannan sharaɗi, tare da tsayayyen kuɗin hidima. In wannan ya dame ki, ki leƙa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz, TAJ ko Lotus, ki tambayi tsarin da suke da shi na sayen kaya a biya a hankali. Ni dai ra'ayina, in albashinki ba ya kai ki ƙarshen wata, kada ki karɓi katin nan. Gibin zai ƙara faɗi ne kawai.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Ina son katin bashi da sunan kasuwanci don in riƙa saro kaya. Me ake buƙata?

Amsa: Alhaji, banki zai nemi rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), lambar haraji ta TIN, asusu da sunan kasuwancin, da bayanan shige da ficen kuɗi na watanni da dama. Nan 'yan kasuwarmu ke samun cikas: ciniki na miliyoyi, amma rabi a aljihu, rabi a asusun yaron shago. Abin da bai bi ta asusu ba, banki bai san da shi ba.

Amma saro kaya da katin bashi ban ba ka shawara ba. Wa'adinsa gajere ne, ga shi kai ma kana ba abokan ciniki kaya bashi, wani sai bayan salla zai kawo kuɗi. Dila tana jibge a shago, ruwa yana hawa, ribar yadi nawa za ta rufe shi? Katin ya fi dacewa da ƙananan hidimomi da ka san za ka biya a watan: man janareta, tikitin jirgi, kuɗin talla a Facebook. Don jari, nemi tsarin murabaha, inda banki zai sayi kayan ya sayar maka da ribar da kuka yi ittifaƙi a kanta tun farko.

Kada kuma ka ɗauka sunan kasuwanci zai kare dukiyarka. In rajistar suna kawai ka yi, a doka kai da shagon abu ɗaya ne. Ko kamfani ne mai cin gashin kansa, banki kan sa mai shi ya tsaya masa da kansa.

Tambaya: Na nemi katin bashi an hana ni, ba a faɗi dalili ba. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, fara da duba tarihin bashinka. Kamfanoni uku ke ajiye shi a Najeriya: CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Sau da yawa wani ɗan bashin manhajar waya ne da aka manta da shi. In ka riga ka biya ba a goge ba, karɓo takardar shaidar biya daga wanda ya ba ka bashin, ka kai a gyara, sannan ka sake nema.