Tambaya da Amsa: Yaya za mu tara jama'a a kan maganar asali da launin fata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Tawa, kuma muna da ƙungiyar matasa da ta haɗa Hausawa, Abzinawa, Fulani da Zabarmawa. Mun so mu shirya zama a kan wariyar launin fata da ta asali, sai wasu manya suka ce wannan matsalar Amurka ce, mu nan wasan taubasai ya wadace mu. Yaya za mu tara mutane ba tare da mun tayar da husuma ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Manyan sun faɗi gaskiya a kan darajar taubasantaka, domin ita ce ke sa Bagobiri da Bazabarme, ko Bafulatani da Babarbare, su faɗa wa juna magana mai zafi su rabu suna dariya, har hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin gadon bil'adama a shekarar 2014. Sai dai wasan da suke nufi yana tsakanin ƙabila da ƙabila ne, alhali ciwon da kike magana a kai ya fi yawa a cikin ƙabila guda, tsakanin wanda ake kira ɗa da wanda ake kira bawa. Mutumin da aka hana shi aure ko gona ko limanci saboda asalin kakansa, idan aka ce masa "bawana" cikin raha, ba raha yake ji ba.

Kuma ba sai kun je Amurka neman misali ba. A jiharku, a yankin Birnin Ƙonni, aka sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana da shekara 12, aka mai da ita wahayya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu ba tare da haƙƙin aure ba. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma), wadda ta zauna a Yamai, ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Tun 2003 dokar ƙasa ta mai da bautar da mutum babban laifi, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta daɗe tana gwagwarmayar yaƙi da bauta, kuma ya dace ku nemi shawararta.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne kada taronku ya tsaya ga jawabai da cin abinci. Ku zaɓi aiki guda da kowa zai iya gani, kamar nema wa yaran rugage da zangon makiyaya takardar haihuwa, ko raka iyalan da ake jayayya da su a kan gonar da suka gada suna nomawa zuwa gaban alƙali. Mutanen da suka yi wahala tare a kan aiki ɗaya sun fi saurin yarda da juna, sannan maganar asali ta fito da kanta.

Waɗanda abin ya shafa su kasance cikin masu shirya zaman tun farko, su ne kuma za su ce ko suna son a ambaci labarinsu, domin fallasa asalin mutum a bainar jama'a na iya ɓata wa 'ya'yansa aure. A yi fassara da Tamashek da Fulfulde da Zabarmanci, kada Hausa da Faransanci su cinye zaman. Game da manyan kuwa, ku bi su gida ɗaya bayan ɗaya kafin ranar, ku roƙi liman ya buɗe taron da aya ta 13 ta Suratul Hujurat, ku kuma sanar da sarki da hukumomin gari. Idan kuna neman rana, 24 ga Afrilu ta dace, tunda ita ce ranar haɗin kan ƙasa da ake tunawa da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Abzinawa.