Amsa: Ina rakiya da walimar tsakar dare suka tafi?

Hajiya, kin tambaya me ya sa jiragen ruwan shaƙatawa na yanzu ba su da armashin na da. Gaskiyarki, abubuwa da yawa sun kau.

Ni ranar tashi na fi kewa. Da can 'yan rakiya sukan bi ki har ɗakinki cikin jirgi, a sha shayi, sai an yi shela su sauka. Sannan ki wurgo siririyar takarda mai launi daga sama, ɗan'uwanki a tasha ya cafe bakinta, jirgi yana ja tana warwarewa har ta tsinke. Wallahi a nan ake share hawaye. Tsaro ne ya kashe rakiyar, musamman bayan fashin jirgin Achille Lauro a 1985 da harin 11 ga Satumba 2001. Takardar kuma dokokin hana zubar da shara a teku suka ci ta.

Walimar tsakar dare kuwa, da ƙanƙara da kankana da aka sassaƙa, ban yi kukanta ba. Da yawa daga abincin zubarwa ake yi. Idan daren shiga kwat da doguwar riga kike nema, kamfanin jiragen ruwa na Cunard suna riƙe da shi har yau a jirginsu Queen Mary 2.