Asalin Sunayen Yuni, Yuli da Agusta

Malam, ka tambayi inda sunayen watannin bazarar Turai suka samo asali, kuma dukkansu daga Rumawa ne. Yuni an fi danganta shi da Juno, abar bautarsu mai kula da aure. Yuli da Agusta sun fi burge ni, domin da can lambobi ne kawai, Quintilis da Sextilis, wato na biyar da na shida, tunda shekararsu daga Maris take farawa. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa aka sa wa Quintilis sunan shugaban Rum Yuliyas Kaisar, wanda a watan aka haife shi, sannan a shekara ta 8 kafin haihuwar Annabi Isa aka sa wa Sextilis sunan Sarkin Rum Agustas, domin shi ne watan da ya ci Masar da yaƙi.