Fagen Tambaya da Amsa: Yaya Gas da Mai Ke Zama Makami?

Tambaya: Kullum ana cewa Rasha ta mayar da iskar gas makami. Ni a sanina mai kaya shi ke neman mai saye. Ta yaya mai sayarwa zai tsorata wanda ke ba shi kuɗi?

Amsa: Malam, fara raba ɗanyen mai da gas tukuna, don ba halinsu ɗaya ba. Ɗanyen mai galibi a jirgin ruwa ake dakonsa. In wannan ya hana ka, sai ka nemi wani, cikin 'yan makonni jirgi ya iso. Gas kuwa bututu yake bi, shi kuma bututu baki biyu gare shi, inda ya taso da inda ya ƙare. Bututun Nord Stream 1, wanda aka buɗe a 2011, ya bi ta ƙarƙashin tekun Baltik fiye da kilomita 1,200 daga Rasha zuwa Jamus, a lokacin yana iya kai kubik mita biliyan 55 a shekara. Wanda ya gina masana'antunsa da ɗumama gidajensa a kan irin wannan, ba ya sauya mai ba shi kaya dare ɗaya. A 2021 kusan kashi 45 cikin 100 na gas ɗin da Tarayyar Turai ta shigo da shi daga Rasha ya fito, na Jamus ma ya haura rabi.

Mutane sun fi lura da rufe famfo, amma a ganinmu rangwame ya fi shi aiki. A Afrilun 2010 a birnin Kharkiv na Yukren, Rasha ta rage wa Yukren har dala 100 a kan kowace kubik mita 1,000, ita kuma Yukren ta ƙara wa rundunar ruwan Rasha shekara 25 na zama a tashar ruwan Sevastopol da ke yankin Kirimiya. A Disamban 2013, bayan Shugaba Yanukovych na Yukren ya fasa sa hannu kan yarjejeniya da Tarayyar Turai, Putin ya sauke farashin daga kusan dala 400 zuwa 268.5, ya haɗa da alkawarin rancen dala biliyan 15. Da gwamnatin ta faɗi, rangwamen ya bi ta. Haka abin yake: a saba maka da araha, a bar bashi ya taru ba a tambaya, ranar da ka juya baya a fito da takardar bashin.

Rufe famfon ma ba a kiransa da sunan siyasa. Kullum da hujjar ciniki ake zuwa. A Janairun 2009 rikicin bashi da farashi tsakanin Rasha da Yukren aka ce, gas ya tsaya kusan mako biyu a tsakiyar hunturu, Bulgeriya da Slovakiya suka fi jin jiki alhali ba da su ake rigimar ba. A 2022 sai aka ce a biya da rubul, kuɗin Rasha, ta bankin Gazprombank. Poland da Bulgeriya suka ƙi, aka datse musu ranar 27 ga Afrilu. A Yuni aka ce injin tura gas da aka kai gyara Kanada bai dawo ba, aka mayar da Nord Stream kashi 40 cikin 100 na ƙarfinsa, a Yuli kashi 20, ƙarshen Agusta ya tsaya cak. Tun kafin nan an yi shiri: rumbun ajiyar gas na Rehden, mafi girma a Jamus, a lokacin a hannun Gazprom, kamfanin gas na Rasha, yake, kuma aka bar shi kusan wayam tun 2021. Mai rumbu cike yana iya jan ciniki, wanda nasa ya ƙare kuwa abin da aka yanka masa shi zai biya.

Tambaya: To dabarar ta ci kuwa?

Amsa: Ta ci na 'yan watanni. A Agustan 2022 farashin gas a kasuwar Holand ya haura yuro 300 kan kowace megawat-awa, masana'antun taki da dama suka rage aiki. Amma bututun da ya ɗaure mai saye ya ɗaure mai sayarwa ma. Turai ta koma kan gas na ruwa, wanda ake sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri, girmansa ya ragu sau 600, a loda shi a jirgi daga Amurka ko Katar. Jamus, da ba ta da tashar karɓarsa ko ɗaya, ta buɗe ta Wilhelmshaven a Disamban 2022 cikin ƙasa da shekara guda.

Ita kuwa Rasha ba ta iya juya wannan gas zuwa gabas ba. Rijiyoyin Yamal da yammacin Saiberiya, da suka kasance masu ciyar da Turai, ba su haɗu da bututun da ke zuwa Sin ba. Shi wancan, Power of Siberia, da ya fara aiki a Disamban 2019, daga wasu rijiyoyi yake ɗiba, kuma kwantiraginsa na farko kubik mita biliyan 38 ne a shekara, inda Turai ta sha kusan 155 a 2021. Sin ta san babu wani babban mai saye a bakin layin sai ita, don haka ba ta gaggawa wajen ciniki. A 2023 Gazprom ya yi asara, karon farko cikin sama da shekara 20. A ɓangaren ɗanyen mai kam Rasha ta sha da sauƙi, don jiragen sun karkata zuwa Indiya da Sin, ko da yake da rangwame.

Tambaya: Larabawa fa? Ba su suka fara wannan ba?

Amsa: Su suka fi yin suna da shi. A Oktoban 1973, lokacin yaƙi da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu mai suka hana Amurka da Holand, suka kuma rage haƙo. Ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 kafin a ɗage takunkumin kan Amurka a Maris 1974. Masu saye suka kafa hukumar makamashi ta IEA a shekarar, wadda ke wajabta wa mambobinta ajiye man da zai kai kwana 90 na abin da suke shigowa da shi. Saudiyya ba ta sake irin wannan hani ba. Ƙarfinta yanzu yana cikin rijiyoyin da take bari a rufe, waɗanda za ta iya buɗewa cikin makonni. A Maris 2020 ta buɗe su don ta matsa wa Rasha, farashi ya rushe, a Afrilu ƙasashe masu mai suka dawo teburi suka yarda a rage ganga miliyan 9.7 a rana.

Akwai kuma mai riƙe makamin ya ƙi zare shi. A 2017 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na cikin waɗanda suka rufe wa Katar hanyoyin sama da ruwa, amma Katar ta ci gaba da tura mata gas ta bututun Dolphin har aka sasanta a Janairun 2021.