Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Kuɗin Cefane Zai Kai Ƙarshen Wata

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, maganar cefane ta mamaye wasiƙun da ke zuwa wannan fili. Ba abin mamaki ba ne, domin a tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ga huɗu daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Ni ma'aikaci ne, mu tara ne a gida. Ana ta ce mini in daina sayen awo kwano-kwano, in sayi buhu. Albashina ba zai ɗauki buhunan masara da wake da shinkafa a wata ɗaya ba. Ina mafita? Magidanci daga Kano.

Amsa: Malam, shawarar da aka ba ka gaskiya ce, amma ba kowane buhu ne araha ba. Ka fara da lissafi. Buhun hatsi a kasuwa irin ta Dawanau ana lissafa shi kwano 40. A ce, misali, an sayar maka da buhun masara naira 60,000, kwano ya tashi 1,500 ke nan. Ka ɗora kuɗin dako da na mota, sannan ka kwatanta da farashin mai awo na unguwarku. In ratar ba ta taka kara ta karya ba, ka bar kuɗinka a hannu. Kuma ka sa a auna maka a gabanka, domin akwai buhun da ba ya cika 40, akwai kuma kwanon da aka bubbuge gindinsa.

Lokaci ya fi komai. Masara, gero, dawa da wake sun fi sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sukan yi tsada idan damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa. Sai ka rarraba: wannan wata masara, wata mai zuwa wake, na gaba dawa. In buhu guda ma ya gagara, ku haɗu ku huɗu a wurin aiki ko a masallacin unguwa, kowa ya tashi da kwano goma a farashin sari. Haka ake yi da jarkar man gyaɗa mai lita 25 da katan ɗin sabulu ko taliya a kasuwar Singa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne cin bashi don a tara abinci da zaton zai ƙara tsada. A 2025 farashin masara da shinkafa ya sauka, waɗanda suka jibge don riba suka tafka asara. Ka sayi abin da gidanka zai ci, ka tsaya nan.

Tambaya: Bara na sayi wake rabin buhu da kaka, kafin wata uku duk ya huje, ya koma gari. Maƙwabciyata ta ce in yayyafa masa fiya-fiya. Ya halatta in yi? Uwargida daga Gusau.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki kusanci wannan shawara. Fiya-fiya da Sniper guba ne, ba a yi su don abin da za a ci ba, kuma wanki ba ya ba da tabbacin sun fita. Saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ita ma ƙwayar Phostoxin da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhu, iskar da take fitarwa tana kashe mutum idan aka ajiye buhun a ɗakin kwana.

Abin da ya faru da wakenki shi ne, ƙwaron ba daga ɗakinki ya shiga ba. Tun daga gona ya zo, an saka ƙwansa a jikin wake, ya ƙyanƙyashe ya ci daga ciki. Maganinsa a hana shi iska. Ki nemi buhun PICS a wurin masu sayar da kayan noma, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da takwarorinsu na Afirka. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Kafin ki zuba, ki hura iska a kowace leda ki matse bakinta, ki ji ko tana tsiyaya. Ki tsince waken sosai, domin tsinke ko tsakuwa ɗaya ta isa ta huda leda. Idan kin zuba, ki matse iskar da ta rage, ki murɗe bakin ledar farko, ki lanƙwasa shi, ki ɗaure. Ki yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa daban. Ki ɗora a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera da laima.

In babu buhun, jarka mai lita 25 tana cin wake kusan kwano takwas. Ki wanke ta, ta bushe ƙarau, kada ta kasance wadda aka taɓa zuba fetur ko kalanzir. Ki cika ta har wuya, kina jijjigawa, ki sa leda a baki kafin ki murɗa murfin. Jarkar da aka cika rabi ba ta aiki, iskar da ta rage a sama ta ishi ƙwari su rayu. Haka buɗewa kullum don ɗiban na girki yana ɓata aikin, sai ki ware na wata guda a roba daban, ki bar sauran a rufe aƙalla wata biyu.

Amma duk wannan sai hatsi ya bushe. Ga gwajin da za ki yi a gida: ki sami kwalba busasshiya, ki zuba hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku, ki ƙara gishiri busasshe cokali biyu, ki rufe ki girgiza, ki bari minti goma sha biyar, ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, ki koma shanya. Masara da gyaɗa da aka rufe da danshi suna yin funfuna mai illa ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe gubarta.

Tambaya: Kayan miya ne ke cinye mini kuɗi, musamman farkon damina. Yaya ake adana tumatir? Amarya daga Zariya.

Amsa: Amarya, ki yi tanadinki tsakanin Janairu da Maris, lokacin da tumatirin noman rani na Kadawa da makamantansu ya cika kasuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce kauɗa. Ki zaɓi mai tsoka, marar ruwa da yawa, ki yanka biyu ko huɗu, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki shanya a kan faranti ko raga a sama, ba a ƙasa ba, ki rufe da gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Da yamma ki shigar ɗaki. A iskar hunturu yakan bushe cikin mako guda. Tattasai, attaruhu da kuɓewa ma haka.

In markaɗe kike so, ki markaɗa tumatir zalla, ki dafa har ya yi kauri, ki zuba da zafinsa a kwalabe masu tsabta, kowace rabin lita da ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya. Ki rufe, ki jera a tukunya, ruwa ya shanye kansu, su tafasa minti arba'in. Kada ki haɗa da albasa da tattasai a wannan kwalbar, suna rage tsamin da ke kare shi daga lalacewa. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, ki zubar, ko ɗanɗanawa kada ki yi.

Tambaya: Gas da gawayi duk sun yi tsada. Da me zan rage? Mai karatu daga Bauchi.

Amsa: Ki jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri. Ki riƙa rufe tukunya, kuma harshen wutar gas kada ya wuce gindinta, abin da ya fito gefe asara ne. Shinkafa in ta tafasa minti biyar, ki sauke da murfinta, ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki sa a kwando, bayan minti arba'in ta nuna da zafin da ta riƙe. Jiƙaƙƙen wake yana son tafasa ta minti ashirin, sannan awa biyu zuwa uku a naɗe. Garwashin da ya rage bayan girki ki juye a gwangwani mai murfi, zai mutu da kansa ki yi amfani da shi gobe. Sai dai kada sanyin hunturu ya sa ki shiga ɗaki da kurfoti ki rufe ƙofa da taga, hayaƙin gawayi marar wari yana kashe mutane cikin barci.