Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ku Biya Kuɗin Littafin Sauraro

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto cewa idanun mahaifinta sun yi rauni har ya daina karatu, ta saka masa littattafan sauraro a waya, amma ba ya jimawa sai ya ce a kashe. Tana fargabar ko sha'awar karatun ce ta fita daga ransa.

Ki kwantar da hankalinki, 'yar uwa, Allah Ya saka miki da alheri, Ya kuma ba Baba lafiya. Ai don irinsa aka fara abin, domin a shekarun 1930 ne aka soma naɗar littattafai a faifan garmaho a Amurka da Ingila saboda makafi, ciki har da sojojin da suka rasa ganinsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sau da yawa laifin na mai karantawa ne. Ki nemo wanda yake karatu a tsanake, yana numfasawa inda marubuci ya sa aya, ba ya haɗiye ƙarshen kalma, kuma ba a sa kiɗa a ƙarƙashin muryarsa ba, domin kunnen dattijo yana shan wahala wajen tsamo magana daga cikin amon kiɗa. Ki kunna masa muryoyi daban-daban ya zaɓa da kansa. Ƙaramar rediyo mai cin memori, mai manyan maɓallai, za ta fi masa waya sauƙin sarrafawa.

Wani matashi daga Jos yana tambaya ko sayen abin sauraro na kunne mai tsada zai gyara muryar mai karatun da ke gundurarsa.

Ba zai gyara ba. Zai ƙara fito maka da in'inarsa da gyaran muryarsa ne tar a kunne. Ka adana kuɗinka, ka canza mai karantawa.

Wata matar aure daga Gusau ta ce ta tura kuɗi an sa ta a wani zauren WhatsApp na littattafan Hausa, sai ta tarar muryar na'ura ce ke karatun, kuma labarin ya yanke ana tsakiyar rigima, aka ce sai ta ƙara kuɗi.

Hajiya, an cuce ki, kuma wannan ce matsalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka mai karantawa ne yake gane daga ma'anar jimla ko garin da mutane ke zaune ake nufi ko garin da ake tuƙa tuwo. Ƙari ga haka, yawancin labaran da ke yawo a waya an buga su ne ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, sai na'ura ta bi rubutun yadda ta gan shi, ta karanta zagi da lallashi da kukan marainiya da murya guda. Mai sauraro ya koma gyara mata kuskure a zuci, labarin kuma ya wuce shi. Ba na cewa muryar na'ura haramun ce, tana da amfani wajen karanta saƙo ko takarda, amma wanda ya sayar da ita ba tare da ya faɗa ba ya yi algus, daidai da mai zuba ruwa a nono.

Abin takaicin kuma shi ne, da yawa daga cikin masu irin wannan zaure ba su nemi izinin marubuciyar ba, ko sisi ba ya isa hannunta, ga shi sukan kwashe karatun da wani ya sha wahalar naɗa ya ɗora a YouTube, su datse sunansa su sayar. Mu ma masu saye muna da namu laifin. Matar da ba za ta sayi atamfa ba sai ta murza ta duba bakinta, ita ce za ta tura kuɗi asusun wanda ba ta sani ba don littafin da ba ta ji ko minti ɗaya daga cikinsa ba. Nan gaba ki nemi a turo miki ɗanɗano daga tsakiyar littafin, inda mutane biyu ke musayar magana, ki ji ko kina iya rarrabe su ba tare da mai karatun ya riƙa maƙale murya ba. Ki tambayi yawan sassan littafin da jimillar kuɗinsa, da ko marubuciyar ta amince. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan waɗannan, ki rabu da shi.

Wani ɗalibi daga Kano yana so ya yi rajista da Audible, manhajar sayar da littattafan sauraro, don ya gyara Turancinsa.

Niyyarka mai kyau ce, ɗana, amma ka yi lissafi tukuna. Audible, wanda kamfanin Amazon ya saya a 2008, yana da ƙwararrun masu karatu, kuma yana bari a saurari ɗanɗano kafin a saya, sai dai da kuɗin waje ake biya, kuma kowane wata za a cire daga katinka ko ka saurara ko ba ka saurara ba, kai kuwa ka san inda dala ta kai. Ka fara da LibriVox, wanda aka kafa a 2005, inda 'yan sa kai ke karanta tsofaffin littattafai kyauta. Ingancinsu ba ɗaya ba ne, wani littafin ma kowane babi da mai karanta shi, don haka ka zaɓi wanda mutum ɗaya ya karanta daga farko har ƙarshe, kuma kada ka ƙara wa karatun gudu sai kunnenka ya saba da lafazinsa.