Baba ya dawo daga asibiti amma ƙafa ba ta saɓe ba

'Yar uwa sannu, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an sallamo shi daga JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, bayan ciwon zuciya amma ƙafafu na nan a kumbure, to ruwan da ya taru a jikinsa bai gama fita ba ne, kada ya daina shan Lasix ɗinsa, maganin fitar da ruwa daga jiki, wai don yawan fitsari ya dame shi, aikin maganin kenan. Ku sayi sikeli ku riƙa auna shi kullum da safe bayan ya yi fitsari, in ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3 ko ya kasa kwanciya sai da filo da yawa, ku koma asibiti ranar. Gishiri, maggi da kunun kanwa a rage sosai, kuma don Allah banda maganin ciwon jiki diclofenac na kemis, yana riƙe ruwa. Ku ga likita cikin sati 2 a duba ƙoda.